Gargaɗi ga Malaman Ƙaura da Shinkafi da Zurmi bisa Sha'anin Rijiya da Juji

 Wagga takarda ta fito zuwa ga malamai da almajiransu na Ƙauran Namoda da Shinkafi da Zurmi, da duk wanda ta iske. Wanda ya iya karatu shi karanta ma wanda bai iya ba.

Ku sani, Allah shi yi muku rahama, babu babin da munka fi karantarwa a zaurukanmu kamar babin tsarki. Yaro ya biya shi cikin Ahalari, ya sake biya shi cikin Ishmawi da Iziyya, in ya kai Risala ya iske shi shina jiranshi. Ɗan shekara goma ya san abin da ke warware alwala, ya san hukuncin ɗigon fitsari ga wando, ya san ruwan da launinshi ko ɗanɗanonshi ko warinshi ya jirkita da najasa ba a ibada da shi. Amma wanga yaro, kafin shi shigo zauren da ake biya mashi wanga karatu, sai ya tsallake kwata mai baƙin ruwa a ƙofar malam, ya ratsa juji, kuma butar da ya cika domin alwala daga rijiyar da ke maƙwabtaka da masai ya ɗebo ta. Malam ya gani, liman ya gani, mai unguwa ya gani, kowa ya tattare rigarshi ya wuce. Tsarkin ya tsaya ga gaɓoɓin alwala, gari kuwa an bar shi ga awaki da ƙudaje.

Abin da ya sa munka ɗauki alƙalami shi ne amai da gudawa, wadda likitoci ke kira kwalara. Wagga cuta ta shigo Nijeriya a ƙarshen 1970, tun sa'an nan kuwa takan tafi ta komo. A 2021 hukumar lafiya ta ƙasa ta ƙidaya fiye da mutum 100,000 da anka yi zaton ta kama, fiye da 3,500 sunka rasu, kuma jihohi huɗu, Bauchi da Jigawa da Kano da Zamfara, su sunka ɗauki fiye da rabin masu ciwon. A daminar 2025 ta sake zuwa, likitocin ƙungiyar MSF sunka yi ta jinyar mutane a Shinkafi da Zurmi. Waɗanda sunka yi wankan gawa da waɗanda sunka sallace ta suna cikin masu karanta wagga takarda, ba su bukatar a ba su labari.

To, ta ina take shigowa? Ƙwayarta halitta ce ƙarama ƙwarai, ido ba shi ganinta sai da madubin likita. Tana fita cikin bayan gidan mai ciwo, kuma da yawa suna ɗauke da ita ba su kwanta ba, ba su ma sani ba. In an yi bayan gida a fili, ko a bakin kududdufi, ko masai ya cika ya tumbatsa, ruwan sama na farko shi ke kwasar abin duka shi gangara da shi inda ƙasa ta fi kwari. Rijiyar da ba ta da baki mai tudu, ba ta da murfi, ta sha rabonta ta sama. Wadda anka gina dab da masai ta sha nata ta ƙasa, don ruwa shina tafiya cikin ƙasa kamar yadda yake tafiya bisanta, balle ƙasa mai rairayi irin tamu. Guga kuma an aje shi cikin taɓo an mayar rijiya. Daga nan sai tulu, sai randa, sai moɗa guda da gida duka ke sha da ita. Mutum na iya wayuwar gari lafiya lau, kafin la'asar ruwan jikinshi ya tsiyaye, idanu sun faɗa, fata in an ja ta ba ta komawa. Alhali in an bi shi da ruwan gishiri da sukari tun da wuri, cokalin shayi shida na sukari a shafe da rabin cokali na gishiri cikin lita guda ta tafasasshen ruwa, ana ba shi ana tafiya da shi asibiti, cikin ɗari da wuya a rasa guda.

In wani malami ya ce, ai ruwan rijiyarmu garau yake, bai jirkita ba ta launi ko ɗanɗano ko wari, saboda haka mai tsarki ne mai tsarkakewa, sai mu ce mashi: ka yi gaskiya ga mas'alar da ka amsa, amma ba ita anka tambaye ka ba. Ingancin alwala mas'ala ce, halaccin shayar da ɗiyanka abin da ke kashe su wata mas'ala ce dabam. Guba da yawa ba ta da launi, kuma babu malamin da ya taɓa halatta shan ta don kofin ya yi garau. Daɗa ma, ka koma Risala da ke gabanka, za ka iske mai littafin ya tafi ga cewa ruwa kaɗan najasa kaɗan na ɓata shi ko da ba ta jirkita shi ba. Kuma malaman fiƙihu sun yi magana bisa haramin rijiya, wato filin da ke kewaye da ita wanda ba a yarda wani shi yi abin da zai cuci ruwanta a cikinshi ba, ko da cikin mulkinshi ne. Sun hana biyan bukata a hanya da inuwar da mutane ke zama da mashayar ruwa. Duk wannan shina cikin littattafan da ke jingine a zaurenka. Masana lafiya na yau sun ce a bar kamar mita 30 tsakanin masai da rijiya, kuma masai shi kasance ta gangare. Wanga ƙiyasi fassara ce kawai ta hukuncin da ka riga ka sani.

A birnin Landan, shekarar 1854, wani likita mai suna Jon Sino ya bi gida gida shina rubuta inda anka mutu da wagga cuta, sai ya ga mamatan sun kewaye famfo guda. Ya sa hukumar unguwa ta cire hannun famfon. Daga baya anka tona, anka iske ramin masai dab da rijiyar shina zuba a cikinta. Mutanen unguwar kuwa sun kasance suna yabon ruwan wannan famfo.

Masu cewa ƙaddara ce, ba mu da doguwar magana da su. Ajali na Allah ne, babu mai musu. Amma sun san Sayyidina Umar ya juya da jama'arshi daga hanyar Sham sa'ad da ya ji annoba ta sauka can, kuma sun san amsar da ya ba wanda ya yi mashi inkari. Wanda ya gina masai taki biyar daga rijiya, ɗanshi ya mutu, ya ce haka Allah ya so, ya faɗi gaskiya, kuma za a tambaye shi masan.

Yanzu mu zo ga juji, don nan ne zamani ya sauya muna ba mu lura ba. Jujin kakanninmu dukiya ne. Toka ce da kashin awaki da ƙaiƙayi da fasasshen kasko da tsumma, abin da ƙasa ta bayar ƙasa ke karɓa. Da rani manomi kan zo da jaki da mangala shi kwashe shi kai gona, har ana saye, har ana faɗa a kanshi. Ƙasar Kano da wanga taki na birni ta yi shekaru aru-aru ana noma gona guda ba a hutar da ita ba. Shara a wancan zamani tana da mai ita, shi ya sa ba ta kwana biyu. Yau kuwa je ka tona juji da sanda ka gani: baƙar leda, ledar ruwan sha, robar lemo, ƙyallen jarirai na zamani da kashinshi a ciki, mataccen batir, allurar da mai kemis ya yar. Leda ba ta ruɓewa a rayuwar wanda ya yar da ita, ko ta jikanshi. Manomin da ya kai ta gona ya kai ma kanshi wahala. Akuya ta ci, saniya ta ci, ta yi ta ramewa mai ita shina sayen magani, sai ranar da mahauci ya farka tumbi ya fid da dunƙulen leda. Ku tambayi mahautan Ƙaura ko na kasuwar Shinkafi, su ba ku labari da bakinsu. Mun riƙe al'adar zubarwa irin ta da, abin zubarwar kuwa ya zama wani iri.

Da juji ya yi tudu sai a cinna mashi wuta da magariba, hayaƙin roba shi kwanta bisa unguwa, shi shiga ɗakin mai jego da na tsoho mai fuka. Wanda ya cinna wutar shina ganin ya yi aikin lada. Abin da wuta ta bari iska ta kwashe ta zuba a lambatu, lambatu ya toshe, kwalbati ya cushe, ruwan sama ya rasa hanya ya shiga gidaje, ya jiƙa gindin katangar ƙasa ta faɗa bisa masu barci. Wanda bai shiga gida ba ya kwanta ya zama gidan sauro.

Da can kududdufi shi ke karɓar wanga ruwa. Ramin da anka ɗebi ƙasar gina gari ne, ya zama randar gari, ruwan unguwa duka can yake taruwa. A garuruwanmu na Hausa, tun daga Kano har nan, an mai da kududdufai juji, in sun cika a daddale a yanka fuloti a sayar. Mai saye ya yi gini bisa shara, ruwa kuwa bai san an sayar ba, in damina ta yi nan yake nufa.

Kuma ku tuna Ƙaura a bakin gulbin Gagare take. Abin da kwatar Ƙaura ta zuba a Gagare ba nan yake tsayawa ba, shina yin arewa ta ƙasar Shinkafi da Isa har shi faɗa gulbin Rima, Rima kuwa ta Goronyo yake bi shi kai Sakkwato. Da rani mutanen ƙauyukan bakin gulbi cikin rairayinshi suke tona su sha. Wanda ya juye kwandon shara a gulbi ya ɗauki hakkin mutanen da bai taɓa gani ba, kuma ba shi da hanyar neman yafewarsu.

Gari ya girma, wannan gaskiya ne. Tun da hanyar jirgin ƙasa daga Zariya ta bi ta Funtuwa da Gusau ta tsaya Ƙaura a 1929, garin ya zama matattarar gyaɗa da auduga da baƙi. A 1983 anka kafa kwalejin kimiyya da fasaha ta tarayya, ɗalibai sunka zo daga ko'ina. Ƙidayar 2006 ta ba ƙaramar hukumar Ƙauran Namoda fiye da mutum 280,000. Bayan wannan kuma ga 'yan'uwanmu da 'yan bindiga sunka kora daga ƙauyukansu, sun cika kangaye da makarantu da gidajen dangi a Ƙaura da Shinkafi da Zurmi. Muna jin wasu na cewa su sunka kawo ƙazanta. Wagga magana zalunci ce bisa zalunci. Matar da ta gudo da goyo da tabarma ba ta zo da masai a kanta ba, kuma kwatar da ta iske a toshe take tun kafin ta zo. Baƙo ya tona abin da ke akwai ne: rijiyar da ta ishi gida goma yau gida talatin ke ja, masai ɗaya mutum hamsin.

A nan dole mu juyo ga zaurenmu, ya ku malamai, ko da maganar ta yi ɗaci. Malamin da ya karɓi almajiri sittin ko ɗari daga hannun iyayensu, bai gina masu masai ko guda ba, ina yake zaton suke zuwa? Kowa ya sani: kango, bayan katangar maƙwabci, bakin kududdufi, gefen gulbi, da asuba kafin gari shi waye. Sa'an nan su komo da hannun da bai ga sabulu ko toka ba su ɗauki allo, su sa hannu cikin ƙwarya guda. Yaron ba shi da laifi, amana ne. Laifin shina ga wanda ya karɓi amanar. Masallaci nawa anka ƙawata da fenti da lasifika huɗu, wurin kama ruwanshi kuwa jikin bango ne, fitsari na gangarowa hanya? Mai kuɗi in ya zo neman inda zai yi sadaka mai gudana, mukan nuna mashi hasumiya. Ba mu taɓa jin wanda anka ce ma shi je shi gina ma makarantar allo masai shida da wurin wanke hannu ba, alhali wannan shi ke tsare rai. Jihar Jigawa, Hausawa ne irinmu, makarantun allo gare su kamar mu, a 2022 anka shaida ta zama jiha ta farko a Nijeriya da ta bar bayan gida a fili. Gwamnatin tarayya ta yi doka a 2019 cewa ƙasa duka za ta bari kafin 2025. Shekarar ta zo, kowa shi leƙa bayan makarantarshi shi ba kanshi amsa.

In kun ce aikin hukuma ne, mu ce lalle akwai rabonta, kuma babba ne, ba kuwa za mu sassauta mata ba. Tsarin mulkin 1999 ya rubuta ayyukan ƙaramar hukuma ɗaya bayan ɗaya, a ciki akwai kwashe shara, da magudanun ƙazanta, da makewayin jama'a, da kasuwa da tasha da mahauta. Wajibi ne da anka ɗora mata, ba alheri ba ne da shugaba zai yi in ya ga dama. Shekaru da yawa uzurinsu shi ne kuɗin na maƙalewa a Gusau. A watan Yuli 2024 Kotun Ƙoli ta yanke cewa a ba ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye. To, ko kuɗin na isowa, sai a nuna muna aikin. Ko ba su isowa, sai a fito a faɗa muna wanda ya riƙe. Jiha kuma tana da hukumar tsabtace muhalli da ake kira ZESA, sunanta na jiha duka ne, ba na babban birni kaɗai ba.

Abin da anka saba yi muna shi ne tsabtar ƙarshen wata, gadon mulkin soja na Buhari da Idiyagbon, tun 1985. A tsare hanya da safiyar Asabar, matasa su yashe lambatu su tara baƙin taɓo a bakinshi, babba shi zo shi riƙa tsintsiya a ɗauki hoto. In babu motar da za ta kwashe, babu filin da anka keɓe nesa da rijiyoyi da gulbi inda za a kai, ruwa na gaba shi mayar da taɓon inda anka fid da shi. Gari shina yin shara kwana talatin, ba a biyan bashin kwana talatin da safiya guda. Tsofaffinmu sun ga zamanin duba-gari, wanda kan shiga gida shi leƙa randa da masai. An ƙi shi don tara da cin hanci da shiga gidan mutane ba sallama, kuma an yi gaskiya a wannan. Amma da anka kore shi ba a sa kowa a gurbinshi ba.

Gurbin kuwa shina cikin namu littattafai. Muhtasibi a asalinshi shi ke duba hanya da kasuwa: indararon da ke zuba bisa masu wucewa, mahaucin da ke zubar da jini da tumbi a tafarki, mai ginin da ya ci hanya, mai sayar da abinci a buɗe. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, cikin Usulus Siyasa da ya rubuta ma Ummarun Dallaje na Katsina, ya lissafa gyaran kasuwanni da hanyoyi cikin abin da ke wuyan shugaba. Zamfara ita ta fara shelar shari'a a 1999, tana da hukumar Hisba da dakarunta. Muna tambaya da ladabi: wane babi ne ya fitar da kwata da masai daga hisba? Wanda ya saki ruwan masanshi a hanyar Musulmi munkari ya yi a bayyane, da rana tsaka, kuma cutarwarshi ta fi ta abubuwa da yawa da ake kama mutane a kansu.

Kada wani shi ce ƙasar da ta ɓaci ba ta gyaruwa. A 2010, a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, Dareta da Abare da 'Yargalma da sauransu, yara fiye da 400 sunka mutu saboda gubar dalma da ke cikin dutsen zinariya da ake daka a tsakar gida. Ƙura ce, ba ta da wari, iyaye na ganin farfaɗiya suna zaton iska. Da anka gane sababi, sai anka kankare ƙasar gidaje gida gida, anka binne ta nesa, anka zuba sabuwa, anka fitar da dakan dutse bayan gari. Bagega ta jira har 2013 kafin kuɗin aikinta su fito, yara na ciwo ana jira. Inda anka yi aikin mutuwar ta ja baya ƙwarai. Jiharmu ce, mutanenmu ne, kuma sai da sarakuna da malamai sunka sa baki kana masu gida sunka buɗe ƙofa.

Saboda haka ga abin da muke biɗa gare ku kafin hadarin farko. Kowane malami shi tashi da kanshi shi auna da ƙafa tsakanin masai da rijiyar gidanshi da ta makarantarshi. In bai kai taki arba'in na babban mutum ba, ruwan nan kada a sha shi sai an tafasa ko an sa mashi maganin kulorin, kuma a ɗaga bakin rijiyar a yi mata murfi, a rataye guga. Wanda ke da almajirai ba shi da masai, kada shi karɓi ƙarin yaro ko guda sai ya gina. Limaman Juma'a na garuruwan nan uku su haɗa wakilai, su biya ta fadar sarki, su tafi ga shugaban ƙaramar hukuma da tambaya a rubuce: ina filin da anka keɓe ma sharar garin, mota ko amalanke nawa ke kwasarta, ma'aikacin lafiyar muhalli nawa ke karɓar albashi da unguwar da kowane ke dubawa, makewayi nawa ke aiki a kasuwa da tasha, kuma wa ya sa hannu anka sayar da kududdufin da anka sayar. A ba shi kwana talatin. Amsar da ya bayar a karanta ta ga jama'a bayan sallar Juma'a, in bai bayar ba a faɗa masu bai bayar ba.